Yadda za a riƙe al'adun Kirsimeti da Ista a gidan Kirista a Damagaram

Tambayar ta fito ne daga wata uwa da ke zaune a Damagaram. Yaransu uku, mai shekara 12, da mai 8, da auta mai 4. Maigidanta a gidan Kirista ya tashi, ita kuwa danginta duka Musulmi ne. Ta ce kowace shekara Kirsimeti takan zo ta wuce a ɗinki da dafa-dafa, yaran kuma sun fi ɗokin Sallar gidan kakanninsu. Tana son sanin abin da ya kamata su riƙe daga al'adun gidan su maigida, da yadda za su fara nasu.

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Abin da ya sa yaran ke ɗokin Sallah a fili yake: sun san abin da zai faru. Sun san da safe za a yi wanka a sa sabbin kaya, sun san za a je kallon hawan Sarki, sun san gidan da ake ba su barka da Sallah da gidan da ake ba su alkaki. Yaro yana son abin da zai iya ƙirga kwanakinsa yana jira. To abin da bikinku yake bukata ke nan, abubuwa kaɗan da ba sa canzawa, masu lokaci sananne, kowane yaro kuma da aikinsa a ciki.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya tsara. A Fitowa 12:26-27 an kafa Idin Ƙetarewa ta yadda yara za su tambayi ma'anarsa, iyaye su ba da amsa. A Joshuwa 4:6-7 an jera duwatsu goma sha biyu saboda wannan dalili. Da wannan za ku auna kowace al'ada, tsohuwa ko sabuwa: tana sa yaro ya yi tambaya? Idan ya tambaya, kuna da amsar da ba ta wuce magana biyu ba?

Ku fara da abin da kuka gada. Tun watan Oktoba, kafin hidima ta taso, maigida ya zauna da iyayensa ko wani babba a dangi, ko a waya ne, ya tambaye su yadda ake yin Kirsimeti a gida lokacin yana yaro. Waɗanne waƙoƙi ake yi, wa yake addu'a, me ake dafawa, gidan wa ake fara zuwa gaisuwa? Ku ɗauki muryar kaka a waya tana rera waƙoƙin da kanta, domin yawancin waƙoƙin zumuntar mata a ka suke, ranar da mai su ta tafi sun tafi. Sauran ku rubuta a kaye guda da za ku keɓe don al'amuran biki kawai. Daga nan sai ku tace. Wanda yake nuna Yesu ko yake ƙarfafa zumunci, ku riƙe shi yadda yake. Wanda yake da kyau amma ya fi ƙarfin aljihunku, ku rage shi. Cin bashi don ɗinki, da shaye-shaye da sunan murna, da barin uwa a madafa har sujada ta wuce ta, waɗannan ku ajiye su, ko da a gidan kaka haka aka saba.

Ke ma ba hannu sake kika zo ba. Yawon gaisuwa, da kai tuwo maƙwabta, da lalle, da kitso, da suyar alkaki da dubulan, duk tarbiyyar Hausa ce da kika samu a gidanku, ba abin da ya hana su shiga bikin Kirsimeti. Yaron da ya ga alkakin da kakarsa ta wajen uwa ta koya wa mamarsa a farantin Kirsimeti, ba zai ji kamar an raba shi gida biyu ba.

Sabuwar al'adar da ta fi dacewa ku fara da ita ita ce ta Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Ta farkon takan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Ku cika faranti mai zurfi da rairayi, ku kafa kyandir huɗu a ciki, na biyar a tsakiya. Kowace Lahadi bayan abincin dare a kunna ƙarin guda, a karanta nassi, a yi waƙa ɗaya, a yi addu'a. Lahadi ta farko Ishaya 9:6 da Mika 5:2, ta biyu Luka 1:26-38, ta uku Matiyu 1:18-25, ta huɗu Luka 1:46-55. Daren 24 ga Disamba a kunna na tsakiyar a karanta Luka 2:1-20. Idan babban yana bi a Littafi Mai Tsarki na Faransanci, kada ku rikice in ya ce bai ga ayar ba: a yawancinsu waɗannan ayoyi biyu na annabawa suna Ishaya 9:5 da Mika 5:1.

Ku raba aikin. Mai shekara 12 ya karanta, mai 8 ya kunna kyandir, auta ta hura ta kashe, kuma kowa ya riƙe aikinsa har ƙarshen wata. Kada zaman ya wuce minti goma sha biyar. Abin da ya fi kashe wannan al'ada shi ne uba ya mai da ita wa'azi, ko a mai da ita jarrabawa ana tsawata wa wanda ya manta aya. Yarinya mai shekara huɗu ba za ta iya zaman rabin awa ba, in kuwa aka tilasta mata, Lahadi mai zuwa da kuka za ta zo. Ku karanta da Hausa ko da a lakwal da Faransanci suke karatu, domin harshen da ake lallashin yaro da shi, da shi labari ya fi shiga zuciyarsa. Batun wuta kuma ba wasa: lokacin hunturu ne, komi ya bushe, ga iska. A kunna a cikin ɗaki, nesa da labule da katifa da zana, kada kuma babba ya fita ya bar kyandir yana ci.

Idan wannan ta zauna, daga baya ku ƙara ginin komin dabbobi. Yaranmu dama gwanayen gina shanun laka ne da motar kara. Ku samo yumɓu wajen masu ginin tukwane, irin na Mirya in da hali, ku haɗa kashi uku na yumɓu da kashi ɗaya na rairayi mai laushi ko ƙaiƙayi, a cuɗa sosai. A soka tsinke cikin ƙafafun tumaki da jaki don kada su karye. A shanya a inuwa kwana huɗu ko biyar, ranar farko a rufe da tsumma mai danshi. In aka sa a rana, ko aka bar iskar hunturu ta buge su kai tsaye, bayan zai bushe cikin yana ɗanye, sai su tsattsage. Rumfar kuwa da karan hatsi za a yi ta, a shimfiɗa ɗan ciyawa. Gidajen Katolika sun saba da sa siffar Maryamu da Yusufu da jariri, al'adar da ake dangantawa da Faransis na Asisi tun 1223 a Italiya. Wasu gidajen ikilisiyoyin bishara ba sa son siffar mutum. Idan haka naku yake, ku gina rumfa da komi da dabbobi kawai, labarin bai ragu ba. Itacen Kirsimeti na roba da Baba Kirsimeti kuwa al'adun Turai ne, itacen ma daga Jamus ya bazu. Ba laifi ba ne, amma ba su ne za a fara kashe wa kuɗi ba. In yaro ya tambaya ko ranar 25 ga Disamba aka haifi Yesu, ku gaya masa gaskiya: Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar ba, ikilisiya ce ta keɓe ta don tunawa, shaidar farko da ake da ita kuma daga Roma take, ta shekarar 336.

Yanzu kuɗi, domin nan ne gidaje da yawa ke faɗuwa. In ana ajiye dala ɗari a mako, wato sefa 500, daga farkon Maris zuwa farkon Disamba mako arba'in ke nan, jika ashirin. Ko a asusu ko a adashen zumuntar mata, in adashe ne ki nemi kwasarki ta faɗo a Nuwamba. Ku zauna ke da maigida ku yanka wa kowane abu rabonsa kafin a taɓa ko dala: baikon ikilisiya, abinci, ɗinki, da rabon wanda ba shi da shi. Ɗinki a kai wa tela kafin tsakiyar Nuwamba, a ce ya bar sarari a tsawo saboda yaro ya mora har Ista. Wanda ya kai a Disamba, daren biki zai kwana a shagon tela. Turmi ɗaya na atamfa, zane uku, yakan ishi ƙananan yara biyu har da ɗankwali in ɗinkin ba mai cin yadi ba ne. Shekarar da babu hali, a wanke na bara a goge, a saya wa kowa abu ɗaya sabo, ko hula ko takalmi, a kuma gaya wa yaran tun da wuri, kada su ji a safiyar ranar.

Nama hanya uku ce. Watanda ta fi sauƙi: gida goma ko fiye su haɗa su sayi sa, amma a rubuta sunaye, kowa ya biya kafin a je kasuwa, a kuma yanke maganar kai da ƙafa da kayan ciki da fata tun dabbar tana tsaye, don rigimar watanda daga nan take tashi. Ɗan akuya in za a saya da wuri, a lissafa kuɗin harawa da dusa a ciki. Kaji da zabi kuwa kada a saye su fiye da mako guda kafin biki, domin hunturu ne lokacin annobar kaji, sabuwar kaza ɗaya daga kasuwa tana iya kwashe na gida duka. In an sayo, a ware su daban.

Ruwa kuma, duk mazaunin Damagaram ya san halin famfo. Girkin mutum talatin da wanke-wanke da wankan yara zai ci bido takwas zuwa goma na lita 25, saboda haka a tara tun ranar 22 da 23. Shinkafa kilo ɗaya takan ciyar da mutum shida ko bakwai, tiya ɗaya kuma tana kusa da kilo biyu da rabi, sai ki lissafa da yawan kwanonin da za ki fitar. Alkaki da cincin da dubulan a soya su kwana biyu ko uku kafin ranar. Jajjage da suyar nama a gama ranar 24. Safiyar 25 shinkafa kawai za a ɗora, ke ma ki samu ki shiga sujada da iyalinki. Maigida da babban yaro su ɗauki ɗiban ruwa da faskare da wankin tukwane a matsayin aikinsu na kowace shekara.

Kai abinci maƙwabta shi ne al'adar da zan fi roƙonku kada ku bari, domin a gari irin namu da Kirista 'yan kaɗan ne, ta nan yaro yake koyon cewa bangaskiyarsa ba abin ɓoyewa ba ce, ba kuma abin faɗa ba ce. Amma a yi ta da lura. A kira mahauci Musulmi ya yanka dabbar, maƙwabta su san haka aka yi. Tukunyar da ta taɓa naman alade ko giya kada ta kusanci wannan girki. A rubuta gidajen a kaye, a fara da wanda kuke katanga ɗaya, da gidan mai unguwa, da gwauraye da tsofaffi. A zuba a kwano mai murfi a kai da zafinsa kafin azahar, domin dafaffiyar shinkafa in ta yi awoyi a rufe tana lalacewa ko ba ta yi wari ba. Yara su tafi biyu-biyu, a koya musu su durƙusa su ce, "Mama tana gaishe ku, ta ce a kawo muku abincin biki." Wani gida za su ƙi karɓa. Ku shirya yaran tun a gida cewa in haka ta faru su ce, "Ba komi, Allah ya bar zumunci," su dawo ba tare da ɓata rai ba, ku ma kada ku zagi gidan a gabansu. Gidan da kuka san suna ɗari-ɗari da dafaffe, a kai musu alkaki ko ɗanyen nama. Watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, shi ya sa Ista ta faɗo cikin azumi a 2022 da 2023 da 2024, Kirsimeti kuma za ta faɗo cikinsa wajen 2031 da 2032. Irin wannan shekara, dab da buɗa baki za a kai.

Game da Sallar gidan kakanni, kada ki hana su zuwa gaisuwa. Girmama iyaye doka ce a Fitowa 20:12, zumunta kuma a ƙafa take. Abin da ake bukata shi ne ke da maigida ku daidaita bakinku kafin ranar: za su je gaisuwa, za su ci abinci, za su karɓi barka da Sallah, ba za su bi sahun salla ba. Naman layya Kirista sun sha bamban a kansa, ku tattauna da fastonku ko fada, ku tsaya a kan magana ɗaya don kada uwa ta ce a ci uba ya ce a zubar. Kada kuma ku kushe Sallah don Kirsimeti ta yi haske. Yaron yana ƙaunar kakansa, in aka sa shi ya zaɓa, biki biyun duka za su yi masa ɗaci. Ku gayyaci kakannin su ma, in ba za su zo ba a kai musu kwano mafi kyau.

Daren 24 da daren 31 ga Disamba majami'u da yawa suna kwanan addu'a. A sa wa yara rigar sanyi da hula, a shafa musu man kaɗanya a leɓe da ƙafa. In an dawo gida kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa marar wari yana kashewa cikin barci. A tafi a dawo cikin jama'a, a bi lokacin da shugabannin ikilisiya suka tsayar. In za a yi kiɗa a gida, a sanar da mai unguwa, a kuma sassauta idan an kira salla. Abin fashewa na wasan yara ku hana shi gaba ɗaya, yana ƙona hannu, yana ta da gobara, yana kuma firgita unguwa.

Daren 31 kafin a fita, ku ɗauko kayen nan. Kowa ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah a kansa a shekarar, da abu ɗaya da yake roƙo, a rubuta da sunansa da kwanan wata, har na auta, da kalmominta yadda ta faɗe su. Shekara mai zuwa a fara da karanta na bara. A wannan dare ne kuma ya dace a ba su tarihin ikilisiyar garinsu: aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) a Nijar daga Damagaram ya fara a 1924, wato sama da shekara ɗari ke nan ana sujada a nan. Babban zai ji labarin 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u a garin, in ma bai riga ya ji ba. Gara ya ji daga bakinku, a natse, tare da cewa akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu, kuma ikilisiya ta zaɓi gafara.

Ista ce aka fi yi wa sakaci, alhali ita ce tushen bangaskiyar. Tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, saboda haka komi nata da asuba ko da dare za a yi shi. Lahadin da ta gabace ta a karanta Markus 11:1-11, yara su riƙe ganyen dabino ko kaba. Alhamis da dare a karanta Yahaya 13:1-17, sannan maigida ya ɗauko buta da roba da tawul ya wanke ƙafafun matarsa da 'ya'yansa, daga auta zuwa babba. A gidan Bahaushe wannan ba ƙaramin abu ba ne, yara za su yi ta dariyar kunya a shekarar farko, a bar su su yi, tambayar da ake nema za ta biyo baya. Juma'a a ci abinci marar nama, a kashe rediyo da waya daga sha biyu zuwa ƙarfe uku, a karanta Luka 23:33-49. Lahadi a tashe su kafin fitowar rana, a tsaya a tsakar gida a karanta Luka 24:1-12, uba ya ce, "Almasihu ya tashi," su amsa, "Hakika ya tashi," sannan a sha kunun gyaɗa ko fura mai sanyi a tafi sujada. Litinin ɗin Ista ranar hutu ce a Nijar, kamar 25 ga Disamba da 1 ga Janairu, sai a yi yawon gaisuwa a ranar da sanyin safiya. Girkin Ista a rage yawansa, wanda za a cinye a yini, domin da wannan zafi da ɗaukewar wuta abinci ba ya kwana.

Kada ku ɗauki duk wannan a shekara ɗaya. Bana ku tsaya a kan kyandir na Lahadi huɗu da kai abinci maƙwabta. Baɗi ku ƙara kayen godiya da wankin ƙafa, komin dabbobi ya biyo baya. Abin da aka yi shekara uku a jere, yaran da kansu za su riƙa tuna muku. In wata shekara rashin lafiya ko tafiya ta hana, a yi ko da rabinsa ne, ko kyandir ɗaya da aya ɗaya, maigida in yana nesa ya yi addu'ar ta waya. Babban kuwa nan da shekara biyu ko uku zai fara cewa abin na yara ne. Lokacin nan a ɗaga masa matsayi: a ba shi jagorancin karatun, ko riƙon kuɗin cefane da lissafinsa, ko rubuta jerin gidajen da za a kai wa abinci.